Baƙuncin Almajirin Jigawa a Birnin Alƙahira

Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani malami a Birnin Kudu ko a Gwaram, ko a garuruwan da ke kewaye da su irin su Kantoga da Sundimina da Sara da Basirka, ya kuma kasa kunne ga littattafan da ake biyawa tun daga bayan asuba har hantsi ya ɗaga, to ya riga ya yi cuɗanya da mutanen Masar, ko ya sani ko bai sani ba. Mai Ishmawi Bamisire ne, haka mai Iziyya. Shaihu Halilu, mai Muhtasar ɗin nan da alƙalanmu suka daɗe suna yanke hukunci da shi, a Alƙahira ya zauna ya karantar har Allah ya yi masa cikawa. Jalalaini kuma, wanda da shi ake buɗe tafsiri a masallatanmu kowane watan azumi, aikin malamai biyu ne na can, Mahalli da Suyuɗi. Hatta littattafan nan masu takarda ruwan ɗorawa da iyayenmu suka riƙa saye a kasuwar Kurmi, da yawansu bugun maɗaba'ar Halabi ne ta Alƙahira. Saboda haka yaron da ya tashi a irin wannan zaure, ran da aka ce ya sami tafiya Masar neman ilmi, yakan ɗauka garin da ya sani za shi, garin da kowa ke magana da harshen Alfiyya, inda mai sayar da albasa ma ba ya kuskuren i'irabi.

Hanyar kuwa ba sabuwa ba ce. Masanin tarihin nan Maƙrizi ya ambaci wata makarantar Malikawa a tsohuwar Alƙahira, wadda mutanen Kanem suka ba da dukiyar gina ta a wajen shekarun 1240, domin alhazansu da almajiransu su riƙa sauka. Masallacin Azhar da kansa, wanda aka fara salla a cikinsa a 972, a dā yana da ɓangarorin kwana da karatu waɗanda ake ce wa ruwaƙai, kowace al'umma da nata, har da na mutanen Barno. Shi ma Suyuɗi, kafin rasuwarsa a 1505, ya aike wa sarakunan ƙasashenmu da wasiƙar nasiha, ciki har da Sarkin Katsina. A zamanin nan kuma, tun da aka yi wa Azhar gyaran 1961 aka shigar da likitanci da aikin injiniya da kasuwanci, masu zuwa ba almajiran fiƙihu kaɗai ba ne. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ilmin kasuwanci ya karanto a can.

Abin da ya sauya shi ne tsawon tafiyar, kuma sauƙin nan yana tafe da nasa aibi. Mutanen dā sukan share watanni, wasu ma shekaru, a kan hanya, ko ta Agadas da Fezzan, ko ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko ɗinki don neman guzuri, ta yadda kafin su hango hasumiyoyin Alƙahira kunnensu ya riga ya saba da Larabcin kasuwa, cikinsu kuma ya saba da cimar gabas. Na yau kuwa, ya bar tashar Birnin Kudu da safe, ya bi ta Wudil ya isa Kano kafin azahar, ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, cikin awa huɗu zuwa biyar sai ga shi a tsakiyar birnin da mutanensa, in an haɗa da kewayensa, suka haura miliyan 20, watau sun ninka mutanen Jihar Jigawa kaf fiye da sau biyu. Baƙuncin da mutanen dā ke sha da kaɗan kaɗan, shi a tashi ɗaya ake ɗura masa.

Mai rabo shi ne wanda ya sami gurbi a Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗalibai baƙi da aka gina a Abbasiyya a zamanin Jamal Abdul Nasir, inda ake ba mutum ɗaki da abinci. Amma guraben ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka sauran sai haya, ko a Darrasa kusa da masallacin Azhar, ko a Madinatu Nasr, musamman Hayyus Sabi' da Hayyul Ashir, inda baƙaƙen fata suka yi yawa. A nan mutum biyar ko shida za su haɗa kuɗi su kama gida guda a hawa na biyar ko na shida, bayan sun sallami dillali, sun kuma ajiye wa mai gida kuɗin jingina. Wanda ya tashi a gida mai zaure da tsakar gida, wanda in zafi ya dame shi sai ya jawo tabarma ƙofar gida, sai ya wayi gari a rataye tsakanin sama da ƙasa, ba inda zai zauna a waje sai gidan shayi, inda ake zuƙar shisha ana buga domino, wurin da a farko yake ganin bai dace da ɗalibin ilmi ba. Sannu a hankali yakan koyi karanta unguwar da kunne. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe mai sayar da tulun gas ne ke bugawa da sifana. Kwandon da ke saukowa da igiya daga bene uwar gida ce ke sayen kayan miya ba tare da ta taka matakala ba. Mai gadin ƙofa kuwa, wanda suke kira bawwab, ya san shigar kowa da fitarsa, kuma wanda bai iya zama da shi ba bai iya zaman gidan ba.

Mafi ɗacin abin da ke tarbar baƙon shi ne harshe, domin a nan ne yake zaton ƙarfinsa yake. Mutum ya haddace Ajuruma, ya ratsa Alfiyya, yana iya warware jumla ya gaya maka dalilin kowane wasali, sai ya tsaya gaban mai kanti ya nemi burodi da Larabcin da ya sha wahalar koyo, mai kanti ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "Sadaƙallahul azim," kamar wanda ya gama sauraron tilawa. Ba ƙeta ba ce, barkwanci ne irin na Misirawa, waɗanda Allah ya hore wa ba'a, amma baƙo ba ya gane haka sai bayan ya ji zafin abin. Larabcin titi, wanda suke kira ammiyya, ya yi wa na littafi nisa ƙwarai: harafin jim ya koma ga, ƙaf ta narke ta zama hamza, wasulan ƙarshe duk an zubar, kalmomin Turkanci da Faransanci da Italiyanci sun sami wurin zama. Abin da ya fi ban takaici shi ne, har a cikin aji malamai da yawa sukan karanta nassi da fusha, watau Larabcin littafi, in za su yi sharhi kuma su koma harshen gidajensu, ta yadda baƙo zai fahimci matanin da ya riga ya sani, bayanin da ya ƙetare sahara dominsa kuwa ya wuce shi. Ko shiga mota ma ilmi ne mai zaman kansa, domin ƙananan motocin hayar nan da hannu ake tambayarsu inda za su: in Hayyus Sabi' ka nufa, watau unguwa ta bakwai, sai ka ɗaga yatsu biyu a ware, siffar bakwai a lissafin Larabawa, in ka shiga kuma kuɗinka hannu da hannu zai bi daga kujerar baya har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, da wuya ka ji ya ɓata.

Bayan harshe sai ma'auni. Azhar ba ta karɓar takardar shaidar da mutum ya zo da ita sai in ta riga ta amince da makarantar da ta bayar, abin da suke kira mu'adala. Wanda ba shi da ita sai ya zauna jarrabawar tantance matsayi, a ajiye shi inda aka ga ya dace, ko a cibiyar koyon harshe, ko a ma'ahadin baƙi, ajin i'idadi ko na sanawi, watau ƙaramar sakandare ko babba. Ta haka ne za ka ga alaramma wanda ya sauke, ya haddace, har ya rubuta Alƙur'ani da ka, wanda a garinsu ake durƙusa masa ana cewa "Allah ya gafarta Malam," yana zaune a benci ɗaya da yaron Indunusiya ko Maleshiya da bai kai ƙaninsa ba, ana yi musu shifta. Shi da ya tashi da riwayar Warshu, ga shi a ƙasar da Hafsu ke mulki. Shi da ya saba da rubutun allo, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga malami yana zuba rubutun ruƙ'a a allon bango, rubutun da ɗigo biyu ke haɗewa su zama layi, sin kuma ta zubar da haƙoranta, har mutum ya rasa gane kalmar da ya sani tun yana kolo. Wasu a nan suke karaya, suna ganin an wulaƙanta su. A ganina ba wulaƙanci ba ne, ko da yake yana da ciwo. Tsangaya ta ba su hadda da ladabi da juriyar zama a kan karatu, waɗanda ba ƙananan kaya ba ne, amma ba ta koya musu su rubuta shafi biyu da Larabci na ƙashin kansu ba, kuma a zauren jarrabawa wannan ake nema.

A masallaci ma akwai darasi, wanda ba a jarraba shi amma ya fi wasu da ake jarrabawa amfani. A gida an sha kai ruwa rana a kan ƙablu da sadlu, har 'yan'uwa su ƙaurace wa sahun juna. A nan sai baƙo ya ga mabiyin Shafi'i da na Abu Hanifa da na Maliku a sahu ɗaya, liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, a yi sallama kowa ya ɗauki takalminsa, ba wanda ya dubi inda wani ya ajiye hannunsa.

Sai batun ciki, wanda malamai ba su cika son a tsawaita magana a kansa ba, alhali kuwa shi ke hana ɗalibi barci a watannin farko. Da safe za a ajiye masa ful, watau wani irin babban wake da ake kwana ana dafawa a tulun ƙarfe mai ƙaramin baki, a zuba masa mai da lemun tsami, a haɗa shi da gurasar da suke kira aish. Ga ta'amiyya, wadda a ido ƙosai ce amma cikinta kore ne. Ga kushari, inda aka tara shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa a kwano guda. Ba mai kwana da yunwa, domin abincin talaka ne mai araha, illa dai wanda ya ginu da tuwon dawa, in bai ci tuwo ba gani yake bai ci abinci ba. Da tafiya ta yi tafiya kuma sai ya soma gano 'yan gida a kasuwa sanye da baƙin suna: mulukiyyar da Misirawa ke alfahari da ita ashe lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, ga jiƙon tsamiya da na goruba ana sayarwa da sanyi a bakin titi. Gero kuwa, wanda shi ne ran ƙasar Jigawa, a Alƙahira abincin tsuntsaye ne, saboda haka mai marmarin kunu ko fura sai ya nufi shagon masu tsuntsayen keji ya sa a auna masa, mai shago yana mamakin yawan tsuntsayen da wannan baƙo ke kiwo; ya kawo gida a wanke, a niƙa a injin markaɗen kayan miya, a dama, a zauna ana sha ana kurari. Kuka da daddawa da yaji kuwa sai daga gida, shi ya sa duk wanda aka ji zai taso, iyaye mata daga Gwaram har Fagam sai sun ɗora masa ƙunshi, kowace tana cewa, "Don Allah ɗana, ka miƙa wa yayanka wannan," har kayan saƙo su fi nasa nauyi.

Sanyi ma wani baƙon ne. Ɗan Birnin Kudu yana ganin ya san hunturu, amma hunturunmu busasshe ne, rana na ɗagawa ya sake ka. Na Alƙahira, daga Disamba zuwa Fabrairu, mai laima ne, yana kwana a cikin bango da daɓen gida, ba kuma inda za a hura wuta a ji ɗumi a hawa na shida. Lokutan salla su ma sai sun rikita shi, domin magaribar da a gida ba ta cika gusawa ba, a can takan yi wajen ƙarfe biyar da sanyi, da zafi kuma ta kusa takwas.

Duk waɗannan jiki na sabawa da su. Abubuwa biyu ne ba a sabawa da su, takarda da kuɗi. Iƙama, watau iznin zama, sai an riƙa sabunta ta, kuma kafin a kai ga ofishin shige da fice, wanda dā yake babban ginin Mujamma a dandalin Tahrir, aka mayar da shi Abbasiyya a 2019, sai an karɓo shaidar makaranta, da yarjejeniyar haya, da hotuna, da kan sarki, a yi sammako a kama layi. In takarda ɗaya ta gaza a ce maka "bukra," kuma ba a daɗe ba baƙo zai gane goben nan ba lalle ta zama ta kashegari ba. Kuɗi kuwa, wanda ba ya cikin masu tallafin Azhar ko na gwamnati, yana rayuwa ne tsakanin kasuwanni biyu da ba ya iko da ko ɗaya. Da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. A watan Maris na 2024 ita ma Masar ta saki fam ɗinta ya faɗi zuwa wajen 50 a dala guda, bayan tsadar kaya ta riga ta addabi mutanenta. Uban da ke noman riɗi da gyaɗa a Gwaram, wanda dā buhu kaɗan ke riƙe ɗansa wata da watanni, yanzu sai ya ƙara da sayar da tunkiya.

Daga nan ne sana'ar tafinta ta samo kasuwa. Mutanenmu da yawa suna zuwa Masar neman magani, wasu kuma sarin kaya, ba su jin Larabci, sai su nemi ɗalibi ya tarye su, ya kama musu masauki, ya raka su wurin likita ko kasuwar Ataba, su sallame shi. Halal ce, taimako ce, kuma ta riƙe ɗalibai da yawa waɗanda da sun tattara sun koma. Amma marar lafiya ba ya duba jadawalin darasi kafin ciwo ya tashi, kuma akwai waɗanda suka shiga sana'ar don su ci gaba da karatu, suka wayi gari karatun ne ya zama abin da ake yi in an sami sarari.

Ba za a ɓoye ba, akwai kuma maganar launi. Yaran unguwa sukan bi baƙar fata da kiran "samara," wasu manyan ma ba su san bambancin ɗan Nijeriya da ɗan Sudan ba, ga kuma mai abin hawa da ke ninka kuɗi da ya ji harshe ya karkace. Ɗalibai mata, waɗanda yawansu ke ƙaruwa a kwalejojin 'yan mata na Azhar, sun fi jin wannan, shi ya sa suke gode wa taragun da aka keɓe wa mata a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Amma garin nan dai shi ne wanda in azumi ya kama ake jera tebura a titi, abin da suke kira ma'idatur Rahman, a kamo hannun duk mai wucewa a zaunar da shi buɗa baki ba a tambayi sunansa ba, kuma ba a rasa dattijuwar maƙwabciya da za ta aiko da kwanon abinci don ta ji an ce yaran nan mahaddata ne. Wanda ya ba da labarin ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba.

Abin da ke raba masu cin nasara da masu dawowa da takarda kawai, a iyakar fahimtata, shi ne yadda mutum ya yi da 'yan'uwansa na gida. Ba makawa sai da su: su ke zuwa filin jirgi, su ke ba shi katifa da bargo, su ke raka shi ofis, su ke ranta masa kafin saƙo ya iso, su ke cewa, "Ƙanena, kwantar da hankalinka, mu ma haka muka fara." Wanda ya raina su ya ce zai yi ta kansa, a makon farko zai gane baƙo ko da ido makaho ne. Amma daɗin wannan zama shi ne haɗarinsa, domin mutum yana iya shekara biyar a Hayyul Ashir, Hausa a ɗaki, Hausa a kicin, Hausa a filin ƙwallo, da dare kuma ga WhatsApp yana bin rigimar siyasar Birnin Kudu kamar yana zaune a bakin tasha, ya dawo da shahadar Azhar alhali bai taɓa cin abinci a gidan Bamisire ba. Malaminmu na Katsina, Muhammadu al-Kashnawi, wanda ya shahara da ilmin lissafi da aufaƙi, ba haka ya yi ba. Ya shiga cikin malaman birnin har ya zama ɗan gida a wurin Shaihu Hasan al-Jabarti, a gidansa ya rasu a 1741, shi ya bar wa wasiyyar littattafansa, kuma ta bakin ɗan mai masaukin nan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, labarinsa ya iso gare mu.

Ƙofar da ya shiga har yanzu a buɗe take, ga wanda ya so. Tsadar tikiti takan hana yawancin ɗalibai zuwa gida hutun ƙarshen shekara, wasu har su gama karatu ba su leƙo ba, ɗaurin aure da suna da rasuwa duk ta waya suke ji. Masu wayo a wannan hutun suke yin karatun da ya fi na aji: su yi sammako zuwa masallacin Azhar, inda ake zama a ƙasa a kewaye malami ana bin littafi daga bango zuwa bango kamar yadda ake yi a zaurukanmu, ko su ratsa lungu zuwa masallacin Shaihu Dardiri, mai Aƙrabul Masalik, ko su nemi wani maƙari'i su yi masa tilawa tun daga Fatiha har Nasi don neman ijaza mai isnadi. In an tashi kuma su bi ta Darbul Atrak, layin masu littattafai da ke bayan masallacin, su yi cinikin Hashiyar Dasuƙi da ammiyyar da a bara ake yi musu dariya a kanta, suna lissafin kilo nawa jirgi zai yarda su ɗauka ran komawa.